Hoton Ƙashi Kaɗai Ba Ya Nuna Lafiyar Wuya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jama'a kan wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato ɗaukar cewa muddin hoton ƙashi bai nuna karaya ba, to wuyan majiyyaci lafiya lau yake.

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan ɗan Adam, a tsakaninsu akwai faya-fayan guringuntsi, ta cikinsu kuma laka ta ratsa daga ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya. Hoton eksire, wanda aka gano haskensa a Jamus tun 1895, ƙashi yake nunawa da yadda ya jeru, amma ba ya nuna laka. Hoton CT, wato eksire da ake haɗa shi da kwamfuta, ya fi shi fito da ƙananan karaya, shi ya sa likitoci ke nemansa ga wanda ya faɗo daga babur ko ya yi hatsarin mota.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan faifan guringuntsi ya bullutso, ko ƙashi ya yi tsiro ya danne laka. A nan sai hoton MRI, mai aiki da maganaɗisu, wanda ke nuna laka. Dattijon da yatsunsa suka sage har ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa, ko kofin shayi ya riƙa suɓuce masa, tafiyarsa kuma ta koma tangal-tangal, sau da yawa akan ce sanyi ne ko tsufa, a kai shi wurin mai ɗori a murɗe masa wuya, alhali lakarsa ce a matse, kuma jinkiri na iya kai shi ga shanyewar jikin da tiyata ba za ta iya dawo da shi ba. Wannan ne ya fi damuna ƙwarai.

Ba kowane ciwon wuya ne ke buƙatar MRI ba, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya dole ya sanar da likita kafin a yi masa hoton. Sai dai tsadar hoton da nisan inda ake yinsa sun sa talaka yana haƙura.

Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da su samar da na'urar MRI a manyan asibitocinsu tare da tsayayyar wutar lantarki, Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa kuma ta sauƙaƙa wa marasa ƙarfi kuɗin hoton idan likita ya rubuta shi.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano