Na'urar gano kifi: a duba kunnenta kafin a duba allonta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu jiragen kamun kifi a kan na'urar nan da ake kira sona, wadda ake ɗaura wa jirgi ta riƙa nuna zurfin ruwa da inda kifi yake. Na ga mutane da dama sun saye ta da ɗoki, bayan mako biyu sun jefa ta cikin akwati suna cewa ƙarya take yi, alhali kuwa galibi laifin yana wuyan wanda ya zaɓa da wanda ya ɗaura. Ni ma na taɓa yi mata wannan ƙazafin, shi ya sa na ga ya dace in rubuto.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai allon da kowa yake kallo, akwai kuma wani ɗan dunƙulallen abu da ke zaune a cikin ruwa, wanda masu sayarwa ke ce wa tiransdusa, ni kuwa zan kira shi kunne. Shi ne yake harba sauti ƙasa, sannan ya saurari amsa-kuwwa. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwa, wato fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, saboda haka idan zurfin ruwa mita 15 ne, zuwa da dawowa ba za su wuce kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ba, kuma daga wannan ɗan lokacin na'urar take lissafa zurfi. Dabarar ta daɗe, don tun a 1948 kamfanin Furuno na ƙasar Japan ya fara sayar wa masunta irinta. Abin da ya fi tona asirin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa, domin iska tana mayar da sauti da ƙarfi fiye da tsoka. A riƙe wannan magana ta iska, za mu dawo kanta.

Kafin mutum ya tambayi girman allo, ya fara tambayar kansa zurfin ruwan da yake aiki a kai. Sauti mai kaifi, irin na kilohaz 200 (kilohaz shi ne ma'aunin kaifin sauti), yana fito da hoto tsaf, yana raba kifi biyu da ke kusa da juna, amma ba ya nisa sosai. Mai kauri, irin na kilohaz 50, yana kaiwa can ƙasa a teku, sai dai hotonsa ba shi da tsabta kamar na farko. Wanda duk aikinsa a kogi ko tafki yake, inda da wuya zurfi ya wuce mita 30, kilohaz 200 ya wadatar da shi, idan ya samu mai haɗe da kilohaz 83 ma ya ƙara faɗin gani. Sautin yana bazuwa ne kamar hasken tocila, siriri a sama, faffaɗa a ƙasa, kuma kunnen da buɗewarsa digiri 20 ce yana ganin da'irar da faɗinta kusan sulusin zurfin ruwa ne kawai. A zurfin mita 9, mita 3 kacal kake gani a ƙarƙashin jirginka. Kifin da ke taku biyar daga gefe bai shiga lissafi ba, don haka allon da ya fito wayam ba shaida ba ne cewa wurin ba kifi.

Nau'in da ake rubuta wa CHIRP yana harba jerin sautuka daga mai kauri zuwa mai kaifi a bugu guda, kuma a ganina ya cancanci ƙarin kuɗinsa, musamman wajen raba kifin da ya kwanta kusa da ƙasa da ita kanta ƙasar. Na'urori masu duba gefen jirgi da kilohaz 455 ko 800 suna da ban sha'awa, amma sai jirgi yana tafiya a hankali kuma a miƙe suke aiki yadda ya kamata. A kula kuma da lambar ƙarfin da ke jikin kwali, domin ma'auni biyu ake amfani da su, ɗaya ya ninka ɗaya sau 8: na'urar da aka rubuta mata wat 4,000 da babban ma'auni, wat 500 ce da ma'aunin RMS, wato na matsakaicin ƙarfinta, wanda shi ne ya kamata a gwada da shi. Allo kuwa, abin nema a gare shi shi ne a iya karanta shi da tsakar rana, kuma ya jure ruwa. Alamar IPX7 tana nufin zai jure nutsewar mita 1 na minti 30.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin ɗaura kunne. Iskar nan da ke tona asirin kifi, ita ce kuma take toshe kunnen idan kumfa ya ratsa ta ƙarƙashinsa, saboda sautin yana cin karo da ita ya dawo tun bai je ko'ina ba. Lokacin da na ɗaura tawa ta farko, na kafa kunnen a bangon bayan jirgi daidai bayan wani layin ƙusoshi, don nan ne hannuna ya fi kaiwa. Jirgi yana tsaye komai lafiya lau, amma da na ba inji wuta sai lambar zurfi ta fara ƙyaftawa, daga mita 6 ta koma 40, daga nan ta ɓace. Kwana uku ina zagin wanda ya sayar mini, sai ranar da wani ya tuƙa ni kuma na leƙa baya na ga farin kumfa yana fitowa daga ƙarƙashin ƙusoshin yana bi ta fuskar kunnen. Na matsar da shi taƙi guda zuwa inda ruwa ke fita sumul, matsalar ta kau.

Saboda haka, kafin a huda jirgi, a fita da shi a dubi inda ruwa ke fitowa daga baya ba tare da kumfa ba. A nisanta kunnen da farfela da aƙalla santimita 30 zuwa 40, kuma a yawancin injuna ɓangaren dama ya fi, domin ta nan fikafikan farfela ke sauka ƙasa. Fuskarsa ta ɗan leƙo ƙasa da gindin jirgi da 'yan milimita, ta zauna daidai da shimfiɗar ruwa, bayanta ya ɗan sunkuya kaɗan. Idan ya yi sama, zai fita daga ruwa lokacin gudu. Idan ya nutse da yawa, zai riƙa feshi yana haifar da nasa kumfan. Akwai masu manna kunnen a cikin jirgi ya harba ta cikin gindi, to wannan sai a jirgin faiba mai ƙarfi wanda babu iska a cikin jikinsa. Katako yana shanye sautin, don haka mai jirgin katako ya ɗaura a waje, ko a jikin sanda mai ƙwari da zai iya ɗagewa idan ya shiga ruwa marar zurfi. Duk ramin da aka huda a toshe shi da abin liƙi na jiragen ruwa.

Wuta ba ta da wahala. Batir mai bolt 12 ake so, da fis a kan jar waya kusa da batirin, gwargwadon abin da takardar na'urar ta faɗa. Kada a kwantar da wayar kunne tare da wayoyin inji, domin hakan ne ke jawo ɗigo-ɗigo a allo duk lokacin da aka ƙara wuta. Kada kuma a yanke ta don ta yi tsawo. A naɗe ragowar a ajiye nesa da inji.

Da an kunna, shawarata a kashe hotunan 'yan kifayen nan da na'urar ke zanawa, domin ciyawa da kumfa da reshen itace duk tana iya sa musu rigar kifi. Kifi na gaskiya yana fitowa ne kamar jinjirin wata a kife, saboda yana da nisa da kunne sa'ad da ya shigo gefen sautin, ya matso a tsakiya, ya sake nisa wajen fita. Gefen dama na allo ne kawai ke nuna abin da ke ƙarƙashinka yanzu, duk abin da ya gangara hagu an riga an wuce shi. Ƙasa mai tauri tana ba da layi mai kauri da haske, wani lokaci har da layi na biyu a ninkin zurfin, laka kuwa layinta dishi-dishi ne. A ƙara ƙarfin jin na'urar har ɗigo su fara bayyana, sannan a ɗan rage.

Gwajin farko a yi shi a wurin da ruwa yake kwance: a ɗaura dutse a igiyar da aka yi wa alama mita-mita, a saka har ya taɓa ƙasa, a gwada da abin da allo ya nuna. Za a ga ɗan bambanci, saboda na'urar tana ƙirgawa ne daga fuskar kunne, kuma akwai wurin da ake shigar da wannan tazarar a cikin saitinta domin lambar ta dace da saman ruwa ko da gindin jirgi, duk wanda mai jirgin ya fi buƙata.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wani mai jirgin kamun kifi, makarancin jaridarku.