Tantancewar Tsaro: Ɓoye-ɓoye Ya Fi Tsohon Laifi Kayar da Masu Neman Aiki

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi bayani a kan tantancewar tsaro, wato binciken ƙwaƙwaf da ake yi wa mutum kafin a ba shi aikin da zai kai shi ga bayanan sirri na gwamnati ko wuraren da ba kowa ke shiga ba. Masu karatu da yawa sun fara jin wannan kalma sosai ne a watan Agusta na 2023, lokacin da Majalisar Dattawan Najeriya ta amince da mutum 45 daga cikin 48 da aka gabatar mata domin muƙamin minista, ta jingine sauran ukun da cewa tana jiran rahoton tsaro a kansu. Amma abin bai tsaya ga manya ba, domin injiniya da akawu da direba da mai gyaran kwamfuta duk suna iya faɗawa cikin wannan siraɗi. Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani mai yi wa gwamnati kwangila, kuma aikina ne in zauna da sababbin ma'aikata su cike takardun, saboda haka na ga waɗanda suka haye, na kuma ga waɗanda suka faɗi.

Duk wanda aka mayar da takardarsa, abin da yake fara faɗa shi ne an yi masa ƙafar ungulu, ko kuma ba shi da uwa a gindin murhu. Ba zan rantse cewa hakan ba ya faruwa ba. Sai dai abin da idona ya fi gani shi ne mutane suna shiga wannan bincike ba tare da sun fahimci abin da mai binciken yake nema ba. Suna zaton waliyyi ake nema, wanda bai taɓa cin bashi ko yin kuskure ba, don haka sai su share duk wani tabo daga tarihinsu kafin su miƙa. Alhali tambayar da ke gaban jami'in ita ce: shin akwai wata igiya a wuyan wannan mutum da wani zai iya kamawa ya ja shi da ita? Igiyar tana iya zama bashin da ya shaƙe shi, ko wani asiri da yake tsoron ya tonu, ko ɗan'uwa da ke hannun wata gwamnati, ko wata ɗabi'a da ta fi ƙarfinsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma ma'aikacin da ke ɓoye wani abu, duk wanda ya gano abin ya samu hanyar juya shi.

Amurka da Birtaniya sun wallafa ƙa'idojinsu kowa yana iya karantawa, shi ya sa zan kafa hujja da su. A Amurka mutum ba ya neman izinin tsaro, wato amincewar da ake ba wanda ya tsallake tantancewa, da kansa, sai hukuma ko kamfanin da zai ɗauke shi ya gabatar da shi. Daga nan ya cike fom mai suna SF-86, wanda ya haura shafi 100, inda zai lissafa duk inda ya zauna da duk inda ya yi aiki a shekaru 10 da suka wuce, da baƙi 'yan wasu ƙasashe da yake da kusanci da su, da tafiye-tafiyensa, da basussukansa. Masu yanke hukunci kuma suna auna shi a kan ƙa'idoji 13 da aka sabunta a 2017, waɗanda suka haɗa da biyayya ga ƙasa, tasirin ƙasashen waje, sha'anin kuɗi, shan barasa, ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, aikata laifi, da gaskiyar mutum a mu'amalarsa. Birtaniya ta tsaurara nata binciken ne a 1952, bayan an kama masanin kimiyya Klaus Fuchs a 1950 da laifin miƙa wa Tarayyar Sobiyet sirrin makamin nukiliya, sannan jami'an diflomasiyya biyu, Guy Burgess da Donald Maclean, suka tsere zuwa can a 1951.

A cikin dukan waɗannan ƙa'idoji, kuɗi ne ya fi yawan kayar da mutane, kamar yadda duk wanda ya bibiyi hukunce-hukuncen da ofishin sauraron ƙorafi na ma'aikatar tsaron Amurka ke wallafawa zai gani. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san labarin Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA wanda bashi ya yi wa katutu, ya fara sayar wa Sobiyet sirri a 1985 a kan dala 50,000. Daga baya ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, ya hau mota Jaguar, alhali albashinsa na shekara bai kai kusa da haka ba, yana cewa dukiyar dangin matarsa ce. Bai shiga hannu ba sai a 1994, bayan bayanan da ya bayar sun jawo an kashe mutane da dama da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye. Shi ya sa mai bincike ke duba fuska biyu: wanda bashi ya danne, da wanda wadatarsa ta fi ƙarfin abin da yake samu. Caca da ƙin biyan haraji suna cikin wannan babi.

To amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma masu binciken sun san haka. Na tuna wata baiwar Allah da ta zo mini jikinta a sanyaye, domin jinyar mahaifinta ta bar ta da bashi mai nauyi, har ta yi watanni ba ta biya banki ba. Ta tambaye ni ko ta bar wurin babu komai. Na ce mata ta rubuta komai. Ranar ganawa da jami'in bincike ta zo da wani shuɗin fayil, ta jera rasit na asibiti wata bayan wata, ta ɗora wasiƙar yarjejeniyar da ta yi da banki a kan biyan kaɗan-kaɗan, da shaidar cewa ba ta tsallake ko wata ɗaya ba tun da aka yi yarjejeniyar. An ba ta izini. Abin da aka duba shi ne yadda bashin ya samo asali da kuma abin da take yi a kansa.

A wancan lokacin kuma muka rasa wani matashin injiniya da kowa ke yabon ƙwazonsa. Akwai tambaya a takardar cewa ko an taɓa sallamarka daga aiki, ko ka bar aiki cikin rashin jituwa. Shekaru kaɗan kafin nan an sallame shi daga wani wuri saboda yawan makara, abin da da ya faɗa, da wuya ya hana shi komai, tunda ƙuruciya ce kuma ya gyara. Sai ya rubuta a'a. Mai bincike ya buga waya tsohon wurin aikin nasa, cikin ɗan lokaci aka karanto masa abin da ke rubuce a fayil. Da aka kira shi ganawa aka sake jefa masa tambayar, wadda a ganina dama ce ta biyu aka ba shi, ya sake musantawa. Har yanzu ina ganin yadda ya zauna a ofishina yana jujjuya hularsa a hannu, yana cewa, "Yallaɓai, ai makara ce kawai." Na ce masa maganar makara ta wuce tuntuni, yanzu maganar ƙarya ake yi, kuma wanda ya yi ƙarya a kan ƙaramin abu don ya samu aiki, hukuma ba ta da dalilin yarda cewa zai faɗi gaskiya ranar da takardar sirri ta ɓace a hannunsa. A Amurka ma yin ƙarya da gangan a wannan fom laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 5.

Haka abin yake a sha'anin ƙwaya da barasa da tsohon laifi. Ana duba girman abin, da yawan aukuwarsa, da shekarun mutum a lokacin, da tsawon lokacin da ya wuce, da ko akwai alamar ya daina. Wanda ya sha tabar wiwi yana ɗalibi ya bari shekaru masu yawa, matsayinsa daban da na wanda ya sha a watan jiya. A nan mutane da yawa a Amurka ke yin tuntuɓe, domin jihohi da dama sun halatta wiwi amma dokar tarayya ba ta halatta ba, izinin tsaro kuwa na tarayya ne. Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ke ba ni takaici, wato zaton cewa duk wanda ya ga likitan ƙwaƙwalwa ya rasa damarsa. Ƙa'idar Amurka ta faɗa ƙarara cewa neman magani ko shawara shi kaɗai ba dalilin hana izini ba ne, amma tsoro ya sa wasu suna ƙin zuwa asibiti, wasu kuma suna zuwa su ɓoye, su faɗa ramin da injiniyan nan ya faɗa.

Wani kaso na takardun da ake mayarwa ba su da alaƙa da hali ko kaɗan. Mutum ya bar giɓin shekara guda a jerin wuraren da ya zauna, ko ya rubuta kwanan wata da ya saɓa da na takardar makaranta, ko ya ba da sunan mai shaida da ya sauya lamba tun tuni, sai bincike ya tsaya cik. Wanda ya daɗe a ƙasar waje ma yakan gamu da wannan, shi ya sa Birtaniya kan so mutum ya zauna a ƙasar shekara 5 kafin matsakaicin mataki, shekara 10 kafin mataki mafi tsanani, don a samu abin da za a bincika. Tun 2016 kuma masu bincike a Amurka suna da ikon duba abin da mutum ya wallafa a fili a Facebook da makamantansa, ko da yake ba a yarda su nemi lambar sirrinsa ba.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne babin alaƙa da ƙasashen waje, domin a nan ne marar laifi ya fi shan wahala. Mutum bai zaɓi inda aka haifi mahaifiyarsa ba, bai kuma zaɓi gwamnatin da ke mulkin ƙasar surukansa ba, amma ana iya hana shi izini saboda tsoron kada a matsa wa danginsa a can don a tatsi bayani daga gare shi a nan. Na fahimci hujjar, kuma ƙa'idar 2017 ta sassauta ta ce riƙe shaidar ƙasa biyu shi kaɗai ba ya hana mutum. Duk da haka hukunci ne da ake yi wa mutum a kan abin da wani zai iya yi masa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta yanke a 1988, a shari'ar ma'aikatar sojan ruwa da wani ma'aikacinta mai suna Egan, cewa izinin tsaro ba haƙƙin kowa ba ne. Idan akwai shakka, ɓangaren tsaron ƙasa ake rinjayarwa.

Tunda ƙarfin ya karkata haka, nauyin da ke kan hukuma ya ƙaru, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu tantancewa suna kuskure. A 1954 aka ƙwace izinin Robert Oppenheimer, masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, sai a Disamba 2022 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta soke wannan hukunci ta ce ba a yi masa adalci ba, shekara 55 bayan mutuwarsa. Ames kuwa, wanda ya cancanci a kama, ya tsallake na'urar gano ƙarya har sau biyu yana tsakiyar cin amana. Sannan a 2015 aka bayyana cewa masu kutse sun kwashe bayanan mutum miliyan 21.5 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, ciki har da waɗannan fom-fom da mutane suka zuba asirinsu a ciki bisa amana. Hukumar da ta ce wa mutum ya faɗa mata abin da bai faɗa wa matarsa ba, wajibi ne ta iya tsare abin da aka faɗa mata.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Amurka, duk da aibinsa, shi ne idan za a hana mutum izini ana rubuta masa dalilai ɗaya bayan ɗaya, a ba shi lokaci ya amsa, ma'aikacin ɗan kwangila kuma yana iya bayyana gaban alƙalin gudanarwa da takardunsa da shaidunsa, ya ɗaukaka ƙara idan bai gamsu ba. A Birtaniya akwai kwamitin ɗaukaka ƙara mai zaman kansa, sai dai na waɗanda ke cikin aiki ne, sabon mai nema ba ya cin moriyarsa, kuma wannan giɓi ne a ganina. A wurare da yawa kuwa amsar ba ta wuce jimla ɗaya ba: "Ba ka tsallake tantancewa ba." Mutum ba ya sanin ko sunansa ne ya yi kama da na wani mai laifi, ko wani tsohon maƙiyi ne ya rubuta takardar ƙage, ko kuskuren kwanan wata ne da zai iya gyarawa cikin yini guda. Ana iya ɓoye majiyar bayani ba tare da an ɓoye wa mutum babin da ya faɗi a kansa ba.

Saboda haka, ya Edita, ina roƙon jaridarka ta tura wakili ya tambayi hukumomin da ke wannan aiki abu uku: ko suna da rubutattun ƙa'idoji da mai neman aiki zai iya karantawa kafin ya cike fom, ko suna sanar da wanda suka mayar dalilin mayar da shi, da kuma ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan yana ganin an yi kuskure a kansa. Idan aka samu amsa, a buga mana ita a wannan shafi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon jami'in kula da ma'aikata