Digirin shari'a ba shi ne rigar lauya ba

Malam edita, assalamu alaikum.

Ina so in sa baki cikin muhawarar da aka yi a shirinku, kan ko digirin shari'a shaidar ilimi ce ko ta sana'a. A ganina ta ilimi ce, kuma rashin gaya wa iyaye haka tun da wuri na jawo ɓacin rai a gidaje da yawa nan Damagaram.

Yaro ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya tafi jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko ta Tawa, ya yi shekara 3 ya samo lisansi, wato digirin farko. Ranar da ya dawo a yanka rago, ƴan unguwa su fara kiransa "Metir", laƙabin lauyoyi. Kafin a naɗe tabarmi sai ga kawunsa da tsohuwar takardar gona cikin leda, wai a je kotu a ƙwato masa haƙƙinsa. Yaron ya san doka, zai duba takardar ya nuna wa kawu inda take da rauni. Amma ya sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali a matsayin lauya, wannan da saura.

Bisa dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, sai ya ƙara da mastar na shekara 2, ya ci jarrabawar CAPA ta cancantar aikin lauya, sannan ƙungiyar lauyoyi ta rubuta sunansa cikin masu koyon aiki, ya yi shekara 3 ƙarƙashin wani babban lauya. In ka haɗa, shekara 8 ke nan, ban da waɗanda yajin aiki ke cinyewa. Mai son alƙalanci kuwa sai ya ci gasar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a a Yamai. Maƙwabtanmu ma haka suke yi: a Najeriya bayan shekara 5 na jami'a sai an wuce makarantar lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, jihar Kano.

Tunda na ambaci Kano, ga abin da ya fi damuna. Ana sayar da shanu a tura yaro can ya karanta shari'a, ba a tambaya ba. Su tsarin Ingila suke bi, mu na Faransa, kuma da Faransanci ake shari'a a kotunanmu. Ya dawo, sai an fara neman a amince da takardar tasa kafin a yi zancen CAPA.

Ba raina lisansi nake ba. Mai ita na iya neman aiki a banki, a kamfani, a ƙungiyoyin agaji ko a gwamnati, kuma ba kowa ne zai zama lauya ba. Roƙona shi ne, kafin sakamakon bak ya fito, ku gayyato lauya ko alƙali daga kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ya zayyana wa iyaye waɗannan matakai da Hausa, a bar layi buɗe su yi tambaya.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram