Wasiƙa daga Melbourne: labarin mai lamba 9

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Baba da ƙarfin jiki? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan sai godiya, sanyi ne kawai ya sa mu gaba, domin lokacin daminarku mu hunturu muke ciki.

Saƙonka ya iso, har da tambayar da ka yi a kan wasan zari-ruga, wai me nake gani a turereniyar ƙarti. Ba zan ba ka amsa a taƙaice ba, sai na ba ka labarin mutumin da ya sa na kamu da son wasan, Cameron Smith.

Da farko ka gane cewa zari-ruga iri biyu ne. Wanda nake nufi shi ne na mutum 13 a kowane ɓangare, wanda ake buga gasarsa ta NRL a nan Ostiraliya. Ƙungiya tana da damar a kayar da ita sau shida kafin ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Duk sanda aka kayar da ɗan wasa, sai ya miƙe ya tura ƙwallon baya da ƙafa. Akwai wanda ke tsaye a bayansa yana jira, shi ne mai lamba 9, huka kenan a bakin mutanen nan. Hannunsa ne ke fara taɓa ƙwallo kusan kowane lokaci, kuma cikin ƙiftawar ido zai yanke shawara: dama zai jefa ko hagu, ko ya kutsa da kansa, ko ya doka da ƙafa. In ƙwallo na hannun abokan hamayya kuwa, tsakiyar fili ake ajiye shi, inda manya-manyan ƙarti ke zuwa a guje.

Wannan aiki Smith ya yi wa Melbourne Storm daga 2002 zuwa 2020, bai taɓa sauya ƙungiya ba. Wasa 430 ya buga, har yau ba wanda ya kamo shi, ya tara maki 2,786. Ya yi wa jiharsa Queensland wasa 42 a karawar da suke yi da New South Wales duk shekara, ya yi wa ƙasa 56, ya ɗaga Kofin Duniya a matsayin kyaftin a 2013 da 2017. Amma in ka gan shi a hanya, wallahi ba za ka ce ɗan wasa ba ne. Ba ƙirji, ba damtse, ba gudu. Har Akanta ake ce masa saboda ƙirar jikinsa.

Na kalle shi ido da ido a filin AAMI Park, kuma abin da talabijin ba ya nunawa shi ne abin da yake yi kafin ƙwallo ta zo. Zai sunkuya bayan wanda aka kayar, hannaye a ƙasa, amma idonsa na can kan layin masu tsaro yana lissafin wa ya gaji, wa bai koma gurbinsa ba. Sai ya ɗauka, ya yi taku biyu kamar zai wuce, mai tsaro ya biyo shi, ya saki ƙwallon daidai ƙirjin wanda ke tahowa. Ko kuma ya doka da ƙafarsa ta hagu ta faɗi can kusurwa, ƙartin da suka gaji su juya su sake komawa baya. Kamar gwanin dara yake, ya riga ya ga inda wasa zai kai tun kafin ka ɗaga hannu. Haka zai yi minti 80 ba a canja shi ba. Samun Billy Slater da Cooper Cronk a gefensa, da koci Craig Bellamy tun 2003, ya taimaka ƙwarai, amma shi ne mai riƙe da linzami.

Ba zan ɓoye maka tabon da ke tarihin ba. A 2008 an dakatar da shi saboda wani riƙon wuya da ya yi, bai buga wasan ƙarshe ba, Manly ta lallasa su 40 da nema. A 2010 aka gano ƙungiyar ta karya dokar iyakar albashin 'yan wasa, aka ƙwace kofunan 2007 da 2009, aka sa suka ƙarasa kakar ba a ba su maki. Masu adawa da shi kuma suna cewa ya cika yi wa alƙalan wasa magana har ya juya su. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai gudu ba lokacin da gida ya kama da wuta. Ya zauna, suka ci kofi a 2012, suka sake a 2017, shekarar da ya karɓi lambar Dally M ta gwarzon gasa karo na biyu bayan ta 2006.

Kakarsa ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Annobar korona ta sa ƙungiyar ta bar Melbourne ta tare a Queensland, mu muna kulle a gida muna kallo ta allo. Yana da shekara 37 ya jagorance su suka doke Penrith 26 da 20 a wasan ƙarshe, har da kansa ya ci maki ta hanyar dangwala ƙwallo bayan layin abokan hamayya. A watan Maris na 2021 ya sanar da ritaya, aka kafa gunkinsa da na Slater a gaban filin AAMI Park.

Ka nemi wancan wasan na 2020 a YouTube, ka sa ido a kan mai lamba 9 kawai, sannan ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaida Hajiya da yara, da duk mutanen majalisa. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka aminin har kullum