Ina labarin Vivian Silver?

Ya Edita,

Na karanta rahotonku na makon jiya kan iyaye mata da rikicin Gaza ya ci, amma ban ga Vivian Silver ba, kuma gaskiya abin ya dame ni.

Bayahudiya ce haifaffiyar Kanada, mai 'ya'ya biyu da jikoki huɗu, an kashe ta a Be'eri, wani ƙauyen Isra'ila da ke kusa da iyakar Gaza, ranar 7 ga Oktoban 2023 tana shekara 74. Baiwar Allah nan fa da motarta take ɗauko marasa lafiya Falasɗinawa daga bakin iyakar Gaza ta kai su asibitocin Isra'ila, amma mutanenmu da yawa gani suke duk Bayahude bakinsa ɗaya da Netanyahu.

Don Allah ku ware mata shafi guda a fitowa ta gaba.

Naku,
mai karatu daga Zariya