Zuwa ga ɗana, a kan lambun bayan gida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Innarka ta dawo daga gidanka na unguwar Arkilla a Sakkwato ran Asabar, tun daga zaure take ba ni labari. Wai ka ja fangali uku a bayan gida, ka zuba alayyafo da salak, ka dasa tumatir cikin buhunan siminti. Sai da na yi dariya. Kai da ko tulu ba ka taɓa ɗauka ba a fadamar Kwalkwalawa! Ban ga laifinka ba, ni na hana ka, na ce boko za ka yi, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Lokacin ka dace. Tumatir da salak sanyin hunturu suke so, in Maris ya shigo zafin garin nan ya haura digiri 40, fure zubewa yake yi. Ta ce ganyen ya yi ja-ja ya ƙone daga baki. Ɗanyen kashin awaki ka zuba, na sani ko ban gani ba. Taki sai ya daɗe a tare ya ruɓe ya huce. Ban ruwa kuma da sassafe da marece, dashe da marece kawai.

Ba wannan ya sa na zaunar da ƙanenka yana rubutu ba.

Ta ce ta ga maganin ƙwari cikin gorar lemo, a ƙasan taga, inda amaryata take wasa. Gorar lemo! Yarinyar da ba ta cika shekara uku ba, wadda komai ta samu baki take kai shi. Tun daren nan barci bai ɗauke ni yadda ya kamata ba. Ka manta abin da ya faru gidan Baffanka shekarar ambaliya, 2010? Kana tsaye a wurin. Kai ka riƙe fitila. Ko kuwa karatun ne ya sa kake ganin irin wannan sai gidan ƙauye yake faɗa wa? Na ji ma wai wani mai talla ya tsiyayo maka, ba suna, ba takarda. To da me ka san kwana nawa za ka jira bayan feshi kafin a tsinki ganye? Alayyafo kwana kaɗan ake yanka shi, daga fangali sai tukunya. Mu da muka yi shekara da shekaru muna noman albasa ba mu taɓa shiga da maganin ƙwari cikin gida ba, a bukkar gona yake kwana, a rataye. Na kira ka ka ce mini "Baba, ba komai", kana dariya. Wallahi raina ya ɓaci.

Fangali uku ba su kai a yi masu feshin guba ba. Ka daka ƙwallon dogon yaro, ka jiƙa ya kwana, ka tace ka yayyafa da marece. Ka barbaɗa toka a ganyen da raɓa. Tsutsa kuwa ka juya ganye ka cire da hannu, ai ba su fi ka ƙarfi ba. In ta kama dole, ka sayi mai takarda a shagon kayan gona, ka karanta, ka kulle shi inda hannu bai kai. Wancan kuma ka fitar da shi daga gidan yau, kada gorar ta koma hannun kowa.

Ka yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne. A raina na ji daɗi da hannunka ya taɓa ƙasa, ko da a makare. Ga irin guro da na sure nan cikin ƙullin leda, na wajen kakarka ne, ka adana sai ruwa ya sauka a Yuni. Yankan farko na alayyafon kuma a aiko mini, amaryata ta kawo da kanta.

Mahaifinka.