Na'urar jijjiga jiki da yara masu lalura: kada iyaye su sayar da kadara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp, ta na'urar da ake tsayar da yaro a kai tana jijjiga shi, wai tana tayar da yaran da suka kasa tafiya. Aikina gashi ne a asibiti, wato gasa ƙashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya, kuma iyaye sun fara zuwa mana da hotonta a waya suna tambayar inda ake samunta.

Maganar tana da tushe. Ƙashi yana yin ƙwari ne idan yana ɗaukar nauyi, tsoka kuma tana jan sa. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta haka tun 1892, kuma 'yan sama jannati da ke zama inda babu nauyi sukan rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwarin ƙashinsu duk wata. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu saboda doguwar naƙuda, ko shawara, ko sanƙarau, wanda yake yini kwance a tabarma, shi ma haka ƙashinsa ke yin rauni a hankali. Shi ya sa wani lokaci uwa tana sa masa wando kawai sai ƙashin cinya ya karye, dangin miji su taso mata da zargin sakaci, alhali baiwar Allah ba ta yi komai ba.

Abin da na'urar ke yi shi ne ta girgiza ƙafafu sau da yawa cikin daƙiƙa guda, tsoka ta riƙa ɗaurewa tana saki ba da nufin yaron ba. A Manchester ta Ingila, a 2004, an gwada ta kan yara 20 masu naƙasa, an tsara minti 10 a rana har wata shida, kuma ƙashin ƙwaurin waɗanda suka hau na'urar ta gaske, ba ta bogi da aka ba sauran don kwatanci ba, ya ƙara ƙwari. A Montreal ta Kanada, a 2010, an sake gwadawa da yara 20. Saurin tafiyarsu ya ɗan ƙaru, amma ƙashin bai nuna wani ci gaba ba. Yara 20, Malam Edita! Ko rabin ajin firamare a Kano ba su kai ba. Kuma a Montreal yaran da ke iya takawa ne suka ƙara sauri, ba wanda aka kawo a goye ya koma gida da ƙafarsa. A Jami'ar Cologne ta Jamus, inda suka daɗe suna amfani da irin wannan na'ura mai suna Galileo, haɗa ta suke yi da gashi da atisayen tsayuwa da na tafiya, ƙwararru na sa ido.

Wadda ake talla a nan kuwa, yawanci irin ta wuraren motsa jiki ce da ake sayar wa manya don rage tumbi. Ba a yi ta don yaron da bai iya riƙe wuyansa ba. Da yawa daga cikin yaran da gaɓoɓinsu suka sandare ƙugunsu kan fara gocewa ba a sani ba, wasu kuma suna da farfaɗiya, wasu ba su daɗe da karaya ko tiyata ba. Duk waɗannan sai likita ya duba, a ɗauki hoton ƙugu, kafin a ɗora su a kan wani abu mai girgiza.

Abin da na fi so iyaye su sani shi ne katakon tsayuwa. Kafintan unguwa zai haɗa shi idan mai gashi ya ba shi awo: allo a baya, maɗauri a gwiwa da ƙirji, ɗan tebur a gaba inda yaro zai ci abinci ko ya yi wasa da murfin kwalba. A tsayar da shi kullum gwargwadon yadda aka tsara masa, a fitar da shi hantsi, a ba shi madara da ƙwai da wake. Ba ya buƙatar wutar lantarki, wadda ita kanta sai an yi sa'a.

Ina roƙon ka tura wakilinka Asibitin Ƙashi na Dala ya tattauna da likitocin yara da masu gashi, a buga bayaninsu da Hausa tare da hoton wannan katako da awonsa, don kafintoci su gani.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano